Kafin ka biya kuɗin dashen inabi, tambayi sunan gindinsa

A ƙarshen sanyin bana na raka kawuna wani mashtal, wato wurin sayar da dashe, a bayan garin Ɗa'ifa a Saudiyya. Shi ke kula da gonar wani Balarabe a can wajen, an aike shi ya sayo dashen inabi da za a cike gurbin waɗanda suka mutu. Dashen na jere cikin baƙaƙen ledoji, kowanne an ɗaura masa 'yar takarda da waya, ga sunan inabin ga hoton 'ya'yansa sun nuna jajir. Kamar faɗin tafin hannu daga bakin ledar akwai ɗan kumburi da aka shafe da kaki, wato wurin da aka yi auren.

Na ce, "Kawu, tambaye shi a kan wane gindi aka aura su."

Kawu ya tambaya. Mai wurin ya ɗaga kafaɗa, ya ce daga waje aka kawo, kuma gindi ne mai ƙarfi. Sai ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wata kwalba, ya ce in ana so saiwa ta kama da wuri a haɗa da wannan, bakteriya ce mai amfani. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai dai ɗan nan ka cika tone-tone. 'Ya'ya za mu sha ko saiwa?"

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da bai san sunan saiwar da yake sayarwa ba, shi ne kuma yake sayar da maganin da zai gyara saiwar.

Ra'ayina a nan shi ne: duk wanda ke sayar da dashen inabi mai aure, a tilasta masa rubuta sunan gindin a jikin takardar, kamar yadda yake rubuta sunan 'ya'yan. In ba mai aure ba ne, a rubuta haka. Mai saye kuma kada ya zaro riyal ɗaya sai ya ji sunan. Kwalbar bakteriya ba ta maye gurbin wannan tambayar.

Itace biyu ne a leda ɗaya

Dashe mai aure itace biyu ne. Na sama shi ke ba da ganye da 'ya'ya. Na ƙasa shi ke fama da gishirin ruwan rijiya, da tsutsar saiwa, da zafin rairayi, da farar ƙasa.

Akwai kuma wani aiki da na ƙasan ke yi wanda ido ba ya gani. Saiwa tana tsatso wani ɓangare na sukarin da ganye ya haɗa, tare da wasu sinadarai masu tsami, ta zuba a 'yar ƙasar da ke manne da ita. Ƙananan halittu, bakteriya da fangas, su taru suna ci. Wasunsu suna narkar da sinadarin fosfaras da ƙarfen da suka daskare a ƙasa har saiwa ta iya sha. Wasu suna fitar da sinadarin da ke sa ƙananan saiwoyi su yawaita. Akwai wani fangas da ke shiga cikin saiwar kanta, ya miƙa zare siriri zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, ya kawo mata abinci ita kuma ta ba shi sukari. Wasu ba abin da suke yi sai cike wuri, amma cikewar tasu ita ke hana masu kawo cuta samun masauki.

To kowane gindi da irin abin da yake tsatsowa. Kamar mai shayi ne a bakin titi: abin da ke cikin tukunyarsa shi ke zaɓar masa waɗanda za su zauna a bencinsa.

Wannan ba zancen ƙetare kaɗai ba ne. A 2018 wasu masu bincike na jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, cikinsu har da Ramona Marasco da Daniele Daffonchio, suka fitar da sakamakon aikin da suka yi a wata gona a arewacin Italiya. Inabi iri ɗaya ne, Barbera, a ƙasa ɗaya. Wani yana kan saiwarsa ta asali, sauran an aura su a kan gindi huɗu daban-daban, cikinsu akwai SO4 da 420A. Da suka duba bakteriyar da ke cikin saiwa da kewayenta, sai suka tarar kowane gindi da irin taron da ya haɗa, da yadda taron ke cuɗanya da juna.

"Ai binciken ma ya ce aikinsu ɗaya ne"

Wanda ya karanta binciken zai tare ni a nan, kuma yana da hujja. Masu aikin sun ce ko da yake taron ya bambanta, hidimar da bakteriyar ke iya yi wa shuka kusan ɗaya ce a duk gindin. Wannan ya tafi, wancan ya zo, aikin bai tsaya ba. Kafin nan ma, a 2015, wani bincike a gonakin inabi na jihar New York a Amurka ya nuna cewa ƙasar gona ita ce rumbun da yawancin bakteriyar da ke jikin itacen ke fitowa daga ciki, har wadda ke kan ganye da 'ya'ya. Wato ƙasa ce gaba, gindi yana bin baya.

Na yarda da duka biyun. Amma a duba inda aka yi aikin. Arewacin Italiya ƙasa ce mai ruwan sama, mai ciyawa, wadda ganye ya daɗe yana ruɓewa a cikinta. Rumbun cike yake, duk gindin da ya zo zai sami wanda zai ɗauka. Gonar da aka yanka jiya a rairayin Jauf ko Tabuka a arewacin Saudiyya, ake shayar da ita da ruwan burtsatse mai ɗanɗanon gishiri, ba haka take ba. Wanda ya ɗauki sakamakon Italiya ya shimfiɗa a kanta ya yi gaggawa.

Kuma yadda za a gane abin da ke faruwa a ƙasarmu ta nan hanya ɗaya ce, a kwatanta. Layi kaza a kan gindi kaza ya rayu, layi kaza ya ƙone. In ba a rubuta sunan ba, da me za a kwatanta? Gona ta shekara goma tana ba da darasi, ba mai iya karantawa.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Ƙasa ana iya gyara ta a hankali: a zuba takin tumaki da ya ruɓe, a rufe gindin itace da busasshiyar ciyawa, a rage watsa magani barkatai. Ban ruwa ana iya sauya shi gobe da safe. Gindi kuwa ranar da aka dasa shi an gama magana. Inabi sai ya kai shekara 3 kafin ya fara ba da abin kirki, kuma yana iya zama a wurin shekara 20 zuwa 30. Abin da ba ya gyaruwa shi ne aka bari ba suna.

"Kakannin mutanen nan ba su san wani aure ba"

Gaskiya ne. Inabin Ɗa'ifa ya girmi duk waɗannan sunaye masu lamba. Kowane ɗan makarantar allo ya san labarin ranar da Manzon Allah (SAW) ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, Addas ya kawo masa inabi. Amru ɗan Asi yana da gonar inabi a Wahɗ, kusa da Ɗa'ifa. Madatsar ruwan da aka gina wa Mu'awiya a shekara ta 58 bayan hijira tana nan a gabashin gari da rubutunta a jikin dutse. A wancan zamanin galibi reshe ake yanka a soke a ƙasa ya yi saiwa.

Turawa ma haka suke yi, har wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya zo musu daga Amurka a jikin dashen da aka shigo da shi. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, a 1868 Jules-Émile Planchon ya tono saiwa ya gan shi. Yana tsotsar saiwa, raunin ya ruɓe, itacen ya mutu a tsaye. Gwamnatin Faransa ta sa ladan faran 300,000 ga wanda ya samo magani. An gwada guba, an gwada cika gona da ruwa. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne a aura inabin Turai a kan saiwar inabin dajin Amurka, wanda ya saba zama da ƙwaron. Daga nan aka samo su 110 Richter, da 41B mai jure farar ƙasa, da 1103 Paulsen da 140 Ruggeri waɗanda aka haɗa a tsibirin Sisili mai zafi da ƙarancin ruwa.

Za a ce to wannan ƙwaron ba ya jin daɗin rairayi, me ya haɗa mu da shi? Haka ne, ba ya so. Sai dai rairayin da ya kore shi shi ne gidan tsutsar saiwa. Duk wanda ya taɓa tuge tumatir ko kuɓewa ya ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli ya san ta. Inabi ma tana kama shi, kuma akwai gindin da aka sani da jure mata, irin su Ramsey da Freedom da Harmony.

Sai gishiri. Je ka duba bakin bututun ɗigo a gonar da ta kwana biyu, za ka ga farin ɓawo ya kewaye inda ruwan ke sauka. Ɗaga kai ka dubi ganyen, gefensa ya bushe ya yi ja kamar an bi shi da wuta, tsakiyar tana kore. Wani gindin yana tace gishirin, ya hana yawancinsa hawa sama. Wani kuwa sai ya bar shi ya wuce. Kakannin mutanen nan da ruwan kwari da rijiya mai kusa suke ban ruwa. Na yau yana jawo ruwa daga zurfin da ba ya sake cika, ruwan da saboda tsoron ƙarewarsa gwamnati ta fara janye hannu daga sayen alkamar gida a 2008.

Ba ina cewa a tuge tsohon inabin Ɗa'ifa ba ne. Ni da za a bi tawa, da an killace tsofaffin itatuwan nan an adana irinsu, domin saiwar da ta yi ɗaruruwan shekaru a dutsen nan ita ma gindi ce, kuma ta san ƙasar fiye da baƙuwa. Barin itace a kan saiwarsa zaɓi ne mai kyau a wurare da yawa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya zaɓa bai san ya zaɓa ba.

"Wannan ilimin masu giya ne"

Na ji wannan daga bakin wani dattijo da nake ganin girmansa. Lallai Barbera inabin giya ne. Amma tsutsar saiwa ba ta tambayar me za a yi da 'ya'yan.

Dubi Indiya. Manoman Nashik da Sangli a jihar Maharashtra inabin ci da na zabibi suke nomawa, galibi Thompson Seedless, wanda Misirawa ke kira banati, irin wanda muke saye a kasuwa. Da a kan saiwarsa suke dasa shi. Da fari da gishiri suka matsa musu, sai suka koma aura shi a kan wani gindi mai suna Dogridge. Ya cece su, amma ya zo da nasa hali: ƙarfi ya yi masa yawa, a ƙasa mai kyau sai ya tura ganye da reshe fiye da kima. Saboda sun san sunan abin da suka dasa, sun gane daga ina matsalar take, wasunsu suka koma gwada 110 Richter.

Kishiyar wannan ta faru a Kalifoniya. An cika gonaki da gindi guda, AxR1, duk da cewa Faransawa sun riga sun gwada shi sun watsar. A 1983 filoksera ta bayyana a kansa a kwarin Napa, aka yi ta tuge gonaki ana sake dashe, asarar ta haura dala biliyan 1. Su ma dai sun san sunan wanda ya kāsa. Da irin haka za ta faru a gonakin da aka cika da "gindi mai ƙarfi daga waje", ba wanda zai iya cewa wane layi ne ke cikin haɗari, wane ne ya tsira.

Kwalbar fa?

Ba na cewa duk ƙarya ce. Bakteriyar da ake shafa wa irin waken suya kafin shuka tana aiki, manoma sun daɗe da shaida. A nan ƙasar ma, masu bincike na KAUST ƙarƙashin Heribert Hirt sun ciro wata bakteriya da suka sa wa lamba SA187 daga saiwar wani tsiro ɗan dangin baban rini a yankin Jizan, suka nuna tana taimaka wa barsim, ciyawar da ake noma wa dabbobi, jure gishiri. Aiki ne na gaske, kuma abin alfahari ne a ce daga hamadar nan aka samo ta.

Amma abu mai rai ne a cikin kwalbar. In ta yini a bayan mota a zafin Makka, ko ta yi watanni a kan kanta rana na dukanta, me ya rage a ciki? In ma ta isa gona da ranta, za ta tarar da 'yan gida sun riga sun kama wuri, kuma saiwar ce ke raba abinci. Binciken Italiya da na ambata shi kansa abin da ya nuna ke nan, gindi ne ke tace waɗanda za su zauna. Wanda ya zuba kwalba a kan gindin da bai dace da ƙasarsa ba ya yi asara biyu.

Akwai kuma rashin kunya a cikin cinikin. A ɓoye maka abin da ba ya cin ko sisin kwabo, wato suna a takarda, a tallata maka abin da za ka biya.

"Mu ma'aikata ne, gonar ba tamu ba ce"

Wannan ita ce maganar da ta fi yawa a bakin 'yan uwanmu, kuma ita ce na fi ƙi.

Da farko ba duka ba ne. Akwai Hausawa 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo aikin hajji a ƙasa suka zauna, masu filaye da wuraren hutawa a bayan gari, suna dasa inabi a kan rumfa. Su kuɗinsu ne kai tsaye.

Ma'aikacin kuma, in itace ya fara rawaya a shekara ta uku, wa ake kira? Ba mai mashtal ba, shi ya daɗe da cin kuɗinsa. Wanda ke riƙe da tiyo ake kira. A ce ya cika ruwa, ko ya rage ruwa, ko ya yi barci. Alhali ganyen da ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, sau da yawa alama ce ta gindin da ya kāsa jan ƙarfe a farar ƙasa, ko tsiyaya masa ruwan duniya aka yi ba zai sauya ba. Ma'aikacin da ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, wannan layin a kan gindi kaza yake, wancan da ke lafiya a kan kaza," ya kare kansa, kuma ya tashi daga mai jan tiyo ya koma wanda ake shawara da shi.

Wani kuskuren kuma a hannunmu yake, ba ruwan mai sayarwa. Wurin dasawa sai a binne kumburin auren cikin ƙasa, wai don itacen ya tsaya da kyau. Da ƙasa mai laima ta rufe shi, na saman sai ya fitar da saiwar kansa, a hankali ya yi watsi da gindin da aka saya da tsada. A bar kumburin a sarari, kamar faɗin tafin hannu sama da ƙasa, kuma duk reshen da ya tsiro daga ƙasansa a cire shi.

Bari in ɗan ratse, tunda maganar ta zo. Masu cusa reshen inabi cikin jaka za su gida, wai za su gwada a Kano ko Zariya ko Damagaram, su yi wa Allah su bari. A jikin dashe filoksera ta ƙetare teku. Bakteriyar da ke sa gindin inabi ya yi ƙari tana zaune cikin reshe lafiyayye ba alama, haka ma cututtukan da ke naɗe ganye. Wanda ke son inabi a gida ya bi ta hannun hukumar da ke tantance tsirrai. Ilimin ne ya kamata ya shiga jaka.

"Za ka ƙara wa mutane wahala da tsada"

Wace wahala? Wanda ya yi auren ya san abin da ya aura, don da hannunsa ya yanka gindin. In daga Turai aka shigo da dashen, da takardarsa ya zo: tun 1968 dokarsu ta wajabta a rubuta irin inabin da irin gindin a jikin kowane ƙunshi, kuma wanda aka tantance lafiyarsa shuɗiyar takarda ake ɗaura masa. Sunan yana ɓacewa ne a hanya, tsakanin babban dila da ƙaramin mai mashtal, lokacin da aka kwance ƙunshin aka rarraba cikin ledoji. Abin da ake nema kawai a kwafe layi ɗaya daga waccan takardar zuwa wannan.

Wanda abin zai takura shi ne mai sayar da reshen da ya yanko a gonar maƙwabci da farashin na waje. Wannan kuwa ba na jin tausayinsa.

Hukumomin aikin gona su sa ido a kan takardar da ke jikin leda kamar yadda ake sa ido a kan ranar lalacewar madara a kanti. Kafin nan, mai saye yana da abin yi. In mai wuri ya ce bai sani ba, ka ce ya kira wanda ya kawo masa, kana tsaye. In za a dasa sabon fili, a auna gishirin ruwan rijiyar tukuna, a tono ƙasa a kai a duba ko akwai tsutsa, sannan a zaɓi gindi. In da hali kada a zuba gindi ɗaya a duk gonar, a sa biyu ko uku a layuka maƙwabta, ruwa ɗaya taki ɗaya. A sami littafi a rubuta layi da sunan gindinsa da watan da aka dasa, a ajiye shi a ɗakin injin ban ruwa, don takardar jikin leda rana za ta cinye ta kafin bazara ta wuce, ma'aikaci kuma yana iya sauya wurin aiki ya tafi da abin da ke kansa.